Hotuna dubu goma a aljihu, amma ina wanda ake nema?

Ƙanwata ce ta kira ni wata rana da yamma. "Yaya, don Allah hoton nan na Baba da yake zaune yana gyaran rediyonsa, ai kai ka ɗauka, turo min." Na ce ta ba ni minti biyu. Hoton yana idona sarai, har tabarau ɗin da ya zamo masa zuwa ƙarshen hanci da ɗan sukudireban da ke hannunsa. Na buɗe waya na shiga ja da babban yatsa. Na wuce rasit, na wuce hoton mitar wuta, na wuce allon wani taro da na ɗauka har sau tara saboda hannuna yana rawa, na wuce gaisuwar safiya mai furanni da ake turowa a zaurukan WhatsApp, na wuce hoton takalmin da ban ma saya ba. Bayan minti arba'in wuyana ya ƙage, hoto bai fito ba. A ƙasan fuskar wayar an rubuta adadin abin da ke ciki: sama da 11,000. Sai bayan kwana uku na tsince shi a wani katin memori da ke cikin tsohuwar waya a durowa.

Ban rasa hoton ba, amma a waɗancan kwanaki uku babu abin da ya bambanta ni da wanda ya rasa. Tun lokacin nake bibiyar yadda abin yake aiki, kuma na gano cewa yawancinmu muna cakuɗa abubuwa uku da ba su da haɗi: ɗaukar hoto, adana shi, da iya nemo shi. Waya ta ƙware a na farko. Sauran biyun ta bar mana, mu kuma mun ɗauka ta gama komai.

A zamanin fim, wahalar tana gaba. Fim ɗaya hoto 24 ne ko 36, kowane latsi da kuɗinsa, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanke. Saboda haka kafin mutum ya latsa sai ya yi tunani, ya jera mutane, ya ce kowa ya tsaya. Zaɓen yana faruwa ne kafin a ɗauka, abin da ya fito kuma ɗan kaɗan ne da zai shiga albam ɗaya. A shekarar 1975 wani injiniyan kamfanin Kodak mai suna Steven Sasson ya harhaɗa kyamarar dijital ta farko. Nauyinta ya kusa kilo huɗu, hotonta baƙi da fari ne mai ɗigo dubu goma kacal, kuma tana ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya a kan kaset. Kamfanin da aka ƙirƙiro ta a cikinsa ya durƙushe a 2012, bayan abin da ya haifa ya cinye kasuwar fim. A tsakanin nan kyamara ta shige cikin waya, tun daga wayoyin Japan na wajajen shekarar 2000 har zuwa iPhone ta farko a 2007. Latsi ya zama kyauta. To amma wahalar ba ta ɓace ba, wuri kawai ta canja. Zaɓen da ake yi kafin a ɗauka yanzu ya koma bayan an ɗauka, kuma babu wanda yake tilasta maka ka yi shi. Shi ya sa ba a yi.

Kafin a yi maganar tsari, ya kamata a san mene ne hoton dijital ɗin kansa. Fayil ne, kuma abu biyu ne a cikinsa. Akwai abin da ido ke gani, wato miliyoyin ƙananan ɗigon launi da aka matse su don kada su cika wuri. Tsarin matsewar da aka fi sani shi ne JPEG, wanda ya fito a 1992, kuma dabararsa ita ce zubar da abin da ido ba zai lura da rashinsa ba. Duk lokacin da aka sake matse hoto, ana ƙara zubar da wani abu, kuma abin da ya zube ba ya dawowa. Sai kuma abu na biyu da ido ba ya gani: wata 'yar takardar shaida da kyamara ke liƙawa a jikin fayil, ana kiranta EXIF, tsarin da masana'antun lantarki na Japan suka fito da shi a 1995. A ciki akwai ranar da aka ɗauki hoton da sa'a da minti, da irin wayar, kuma idan an kunna, har da daidai wurin da aka tsaya a doron ƙasa.

Wannan 'yar takarda ita ce ƙashin bayan duk wani tsari. Da ita manhajar hotuna take jera maka komai bisa kwanan wata, da ita take nuna maka taswira ta ce ga abin da ka ɗauka a gari kaza. Kuma ita ce abu na farko da ke salwanta idan hoto ya bi ta WhatsApp. Manhajar tana rage girman hoton, ta cire bayanan da ke jikinsa, ta raɗa masa sabon suna mai ɗauke da ranar da ya iso wayarka, ba ranar da aka ɗauke shi ba. Shi ya sa hoton da aka ɗauka shekara takwas da suka wuce zai bayyana a wayarka a tsakanin hotunan makon jiya, ya ɓata jerin gaba ɗaya. Zaɓin ƙarin inganci da aka kawo a 2023 ya gyara kyan hoton, amma idan ana son fayil ɗin ya isa yadda yake, da nauyinsa da bayanansa, sai a tura shi a matsayin takarda, ba a matsayin hoto ba. Mutane da yawa suna tura wa kansu hotuna ta WhatsApp da sunan ajiya, sannan su goge na asali. Wannan daidai yake da mutum ya ƙona takardar asali ya riƙe fotokofi, fotokofin ma mara kwanan wata.

Cire bayanan kuma ba mugunta ba ce, akwai kariya a ciki. A 2012, lokacin da hukumomin Belize ke neman John McAfee, mai manhajar kashe ƙwayoyin cutar kwamfuta, 'yan jaridar mujallar Vice da ke tare da shi suka wallafa hotonsa ba tare da sun goge bayanan wuri ba. Nan take masu bincike suka karanta a jikin fayil ɗin cewa yana Guwatamala. Don haka ƙa'idar mai sauƙi ce: abin da za ka ajiye wa kanka, bar masa bayanansa cikakku, abin da za ka watsa wa duniya, gara ya fita tsirara.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne manhajar da suke buɗewa su ga hotuna. Ba ɗaki ba ce, taga ce. A wayoyin Android tana leƙa foldoji daban-daban ne ta haɗo maka su a fuska ɗaya: foldar kyamara, foldar WhatsApp, ta hotunan fuskar waya, ta abin da aka sauke daga intanet. Kana ganinsu a jere ka ɗauka wuri ɗaya suke, alhali kowane da makwancinsa, kuma manhajar da ke kwashe hotuna zuwa intanet ba lallai ta kwashi dukkan foldojin ba sai wadda aka ce ta kwasa. Ranar da waya ta faɗa ruwa ne mutum yake gano cewa rabin abin da yake kallo kullum bai taɓa barin wayar ba.

A nan ne muka iso inda aka fi yin asara, kuma zan daɗe a kai.

Ma'ajiyar intanet, wadda ake kira gajimare, ba komai ba ce illa kwamfutocin wani kamfani a wani gini mai nisa. Manhajoji irin su Google Photos da iCloud suna haɗa wayarka da wannan ma'ajiya, amma haɗin ba irin na sito ba ne inda kake kai kaya ka kulle ka dawo. Haɗin madubi ne. Abin da ka yi a nan, shi za a yi a can. Ka ɗauki hoto, ya bayyana a can. Ka gyara shi, ya gyaru a can. Ka goge shi daga cikin manhajar, ya gogu a can, ya kuma gogu a kwamfutarka da duk wata na'ura da ke kan wannan asusu. An gina shi haka da gangan, domin aikinsa shi ne na'urorinka su yi daidai da juna. Yana tsare ka daga satar waya ko fashewarta. Ba ya tsare ka daga hannunka, ko hannun yaron da ka ba wayar ya yi wasa, ko ɓarawon da ya shiga asusunka.

Na ga wannan da idona a wurin wani abokin aikina. Wayarsa ta riƙa damunsa da cewa wuri ya cika, shi kuma ya san hotunansa suna gajimare, domin yana biyan kuɗin wata. Sai ya zauna ya zaɓi hotunan shekara uku, ya danna gogewa, saƙon gargaɗi ya fito, ya danna "to" bai karanta ba kamar yadda dukkanmu muke yi. Wuri bai buɗe yadda yake so ba, sai ya shiga kwandon shara ya zubar da shi ma. Bayan wata biyu ya buɗe kwamfuta zai nuna wa matarsa hotunan 'yarsu tana koyon tafiya. Ya ja sama, ya ja ƙasa, shekarun nan uku babu su kamar an yanke da almakashi. Ya dube ni ya ce, "Amma ai ina biya." Yana biya ɗin, kuma manhajar ba ta yi kuskure ba, abin da ya ce ta yi shi ta yi.

Abin takaicin, maɓallin da yake buƙata yana nan kusa. A Google Photos akwai zaɓin buɗe wuri a waya, wanda ke cire kwafin da ke cikin wayar kaɗai ya bar na gajimare. A iPhone akwai zaɓin da ke ajiye ƙaramin kwafi a waya ya bar babban a iCloud. Kwandon shara kuma ana ba shi wa'adi, a wayoyin Apple kwana 30 ne, domin wanda ya yi kuskure ya samu damar dawowa. Amma bambancin "cire daga waya" da "goge" ba ya fitowa fili ga wanda yake cikin sauri.

Ko da hannunka bai yi ɓarna ba, gidan ba naka ba ne. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma tarihin 'yan shekarun nan ya nuna haka. Flickr, wani shafin ajiye hotuna, ya ba kowa terabait guda, wato giga dubu, kyauta a 2013. Bayan kamfanin SmugMug ya saye shi a 2018, aka taƙaita asusun kyauta zuwa hoto 1,000, aka ce abin da ya haura za a goge. Google Photos ya fito a 2015 da alƙawarin ajiya kyauta mara iyaka ga hotunan da aka ɗan matse, sai a ranar 1 ga Yunin 2021 aka rufe wannan ƙofa, komai ya koma cikin giga 15 da kake rabawa tsakanin hotuna da Gmail da Drive. Daga baya kwafin hirarrakin WhatsApp na masu Android ma ya shigo cikin wannan lissafi. Apple kuwa giga 5 yake bayarwa kyauta. A 2019 MySpace, wani tsohon dandalin sada zumunta, ya amsa cewa ya yi asarar waƙoƙi da hotuna da bidiyon da mutane suka ɗora tsawon shekara goma sha biyu, wajen ƙaura daga wasu kwamfutoci zuwa wasu. Sannan tun daga Disambar 2023 Google yana da ikon goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. Ban ga laifin kamfani don ya nemi kuɗin ajiya ba, gini da lantarki ba kyauta suke ba. Abin da nake cewa shi ne sharaɗin yana hannunsu, suna iya canja shi, kuma sun sha canjawa.

Akwai ma hanyar asara da ta fi waɗannan yawa, ba ta kuma shiga labarai: mutum ya manta kalmar sirri, lambar wayar da ya yi rajista da ita ta daɗe da mutuwa an ba wani, imel ɗin da zai taimaka masa shi ma bai san kalmarsa ba. Hotunan suna nan lafiya lau a kwamfutar kamfani, mai su yana waje ba mabuɗi. Sau da yawa ma ba shi ya buɗe asusun ba, wani ne ya buɗe masa ranar da ya sayi waya, bai taɓa tambayar sunan ba.

Maganin da masu sana'ar hoto suka daɗe suna bi ana kiransa 3-2-1, kuma wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, shi ya yaɗa shi. Kwafi uku na duk abin da ba ka son rasawa, a kan irin ma'ajiya biyu mabambanta, ɗaya daga ciki kuma a wani wuri daban da inda kake. Hikimar ba a yawan kwafin take ba, tana cikin cewa kada abu ɗaya ya iya hallaka su duka. Waya da katin memorin da ke cikinta kwafi biyu ne a lissafi, amma ɓarawo ɗaya ne zai tafi da su. Kwamfuta da faifan ajiya na waje da ke jaka ɗaya da ita haka suke. Waya da gajimare kuma, kamar yadda abokina ya gani, latsi ɗaya ke share su. Dole a samu aƙalla kwafi ɗaya na ko-ta-kwana wanda ba ya motsi idan sauran sun motsa: faifan da za ka jona, ka zuba, ka cire, ka ajiye. Google yana da hanyar sauke komai naka gaba ɗaya, ana kiranta Takeout, Apple ma yana da irinta, ko kuma a jona waya da kwamfuta da igiya a kwashe kai tsaye.

Kowace ma'ajiya da cutarta. Faifai mai juyawa ba ya son faɗuwa, kuma yana tsufa ko ana amfani da shi ko ba a yi. Filash da katin memori suna riƙe bayani ne da ɗan cajin lantarki da ke maƙale a cikin ƙwayoyinsu, cajin kuma yana yoyo a hankali idan suka daɗe ba a jona su ba, saboda haka kayan jigila ne, ba na ajiyar shekara da shekaru ba. Ga kuma na jabu, waɗanda ke nuna girman da ba su da shi: kana zubawa yana karɓa, ashe sabon yana hawa kan tsohon ne. Don haka kwafin da ba a taɓa buɗewa an gwada ba, zato ne kawai. Sau ɗaya ko biyu a shekara a jona faifan, a buɗe hotuna daga tsofaffin shekaru a gani ko suna fitowa, kuma duk bayan 'yan shekaru a kwashe zuwa sabo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To, tsarin kansa fa? A nan ina da ra'ayin da wasu ba za su so ba: yawancin masu niyyar tsara hotuna suna faɗuwa ne saboda sun ɗauko tsari mai kyau fiye da kima. Folda ta iyali, ta aiki, ta tafiye-tafiye, ta abokai. Sai ga hoton da aka ɗauka a tafiyar aiki tare da aboki wanda kuma ɗan'uwa ne. Ina za a sa shi? Daga nan gwiwa ta yi sanyi, a bar aikin. Abu ɗaya ne kowane hoto yake da shi guda ɗaya tak ba gardama, shi ne ranar da aka ɗauke shi. Saboda haka folda ta shekara, a cikinta foldoji masu farawa da kwanan wata, shekara a gaba, sai wata, sai rana, sannan 'yan kalmomi: 2019-03-14 Baba yana gyaran rediyo. Wannan jeri na shekara-wata-rana shi ne tsarin ƙasa da ƙasa na ISO 8601, kuma amfaninsa shi ne kowace kwamfuta za ta jera su daidai da kanta, ba sai da wata manhaja ta musamman ba. Idan aka fara da rana, sai 1 ga Disamba ta riga 2 ga Janairu a layi.

Folda da albam kuma ba ɗaya ba ne. Folda makwancin fayil ne, hoto yana kwana a guda ɗaya. Albam a cikin manhaja jerin sunaye ne kawai da ke nuni zuwa hotuna, don haka hoto ɗaya yana iya shiga albam goma ba tare da ya ci wuri sau goma ba. Matsalar albam ita ce ta manhajar ce. Google ya dakatar da Picasa, manhajarsa ta tsara hotuna, a 2016, kuma duk wanda ya taɓa ƙaura daga wata manhaja zuwa wata ya san cewa hotuna suna tafiya, amma wahalar da aka sha wajen jera su ba kullum take bin su ba. Abin da aka rubuta a sunan folda kuwa, duk inda aka je da shi ake zuwa.

Gaskiya ne na'ura ta ɗauke mana wani kaso mai yawa na neman. Yau kana iya rubuta "mota" ko "teku" manhaja ta fito maka da su, tana karanta rubutun da ke cikin hoto, tana tara fuskar mutum ɗaya tun yana jariri har ya girma. Da na kunna wannan tun farko, wataƙila da ban yi minti arba'in ina ja ba, in da hoton yana wayar. Sai dai gane fuska yana da farashinsa. A 2021 Facebook ya rufe tsarinsa na gane fuska, ya ce zai goge taswirar fuskokin mutum sama da biliyan ɗaya. A 2022 Google ya amince ya biya dala miliyan 100 a jihar Illinois ta Amurka kan ƙarar da ta shafi tara fuskoki a Google Photos. Apple yana yin nasa aikin a cikin wayar ne ba a kwamfutocinsa ba. Kowa ya auna ya zaɓa, amma a tuna fuskokin da ke wayarka ba naka ba ne kai kaɗai. Kuma duk iyawar na'ura, ta san fuska ce, ba ta san labari ba. Ba ta san cewa wannan ne hoton ƙarshe da aka yi da wance ba.

Sai batun gogewa, wanda mutane ke gudu kamar za a cire musu haƙori. Idan ka duba wayarka da kyau, abin da ke ciki iri uku ne a cakuɗe. Akwai na tunawa: mutane, wurare, ranaku. Akwai takardun aiki da suka zo da siffar hoto: rasit, katin shaida, takardar likita, lambar asusu. Akwai kuma na wucewa: inda ka ajiye mota, hoton fuskar waya, abin dariya da aka turo. Na ukun ba su da hakkin kwana fiye da mako. Na biyun wurinsu folda mai kulle ko ma'ajiyar takardu, ba tsakiyar hotunan yara ba, musamman da yake mutum kan miƙa wayarsa a kalli hoto ɗaya a zarce da ja. Na farkon ne kaɗai suka cancanci kwafi uku, kuma su ma idan an ɗauki abu ɗaya sau goma sha biyu, ɗaya ko biyu sun isa. Kashe sauke hotuna kai tsaye a WhatsApp shi kaɗai yana toshe babbar kafar da shara ke shigowa.

Wanda wuri ne damuwarsa kuwa, ya fara da bidiyo. Hoton waya na yau da kullum megabait uku ne zuwa biyar, amma a iPhone minti ɗaya na bidiyo mai babban inganci, wato 4K mai firam 60 a daƙiƙa, yana cin kusan megabait 400, wato nauyin hoto kusan ɗari. Goge irin wannan bidiyo biyar marasa amfani daidai yake da goge hoto kusan ɗari biyar wajen buɗe wuri.

Kada kuma a ce sai an share tarin shekara goma kafin a fara. Wannan ne tarkon. A kwashe tsohon tarin yadda yake, da shararsa da komai, a yi masa kwafi, a rufe. Sabon tsari ya fara daga wannan watan. Ni minti goma nake ba shi a ƙarshen mako: in goge na gogewa, in sa alamar zuciya a kan 'yan ƙalilan da suka fi. Wannan alamar ita ce albam ɗin da zamanin fim yake tilasta mana, yanzu kuma sai mun tilasta wa kanmu. Tsohon tarin kuma akwai wata dabara mai daɗi: ka nemi kwanan watan yau a dukkan shekarun baya, ka tace na wannan ranar kaɗai. Shekara tana zagayowa ka gama ba ka ji a jikinka ba.

Wani abu a gefe da ya tsaya min a rai. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam a jami'ar Fairfield ta Amurka, Linda Henkel, ta zagaya da ɗalibai gidan adana kayan tarihi, wasu abubuwan ta ce su kalla kawai, wasu su ɗauki hoto. Washegari aka tarar sun fi tuna waɗanda suka kalla da ido fiye da waɗanda suka ɗauka, sai dai idan sun matso da kyamara kan wani ɓangare na abin, wato sun sa hankali. Kamar dai ƙwaƙwalwa tana miƙa wa kyamara amana ne ta juya baya. Idan kuma amanar ta nutse a cikin hoto dubu goma sha ɗaya da ba a komawa kansu, an yi biyu babu ke nan.

Akwai tambayar da ba a son yi: idan mai wayar ya rasu fa? Albam ɗin takarda yana kan kanta, kowa ya ɗauka. Waya kuwa tana kulle da yatsa ko fuskar wanda ba ya nan. Google yana da tsari tun 2013 da za ka zaɓi wanda za a ba bayananka idan asusun ya daɗe shiru, Apple ma ya kawo nasa na naɗa magaji a ƙarshen 2021. Saita su bai kai minti goma ba. A 2015 Vint Cerf, ɗaya daga cikin waɗanda suka aza harsashin intanet, ya yi gargaɗin cewa zamaninmu yana iya zama duhu ga masu zuwa, domin fayil yana iya rayuwa amma na'ura da manhajar da za su buɗe shi su mutu, ya kuma ba da shawarar a wanke hotunan da ake ji da su a takarda. Wanda ya taɓa riƙe tsohon kaset ɗin bidiyo yana neman inda zai kunna shi ya san abin da ake nufi. Ko tsarin HEIC da Apple ya koma a 2017, mai rage nauyin hoto kusan rabi, har yanzu akwai na'urorin da ke ƙin buɗe shi, shi ya sa JPEG ya fi kwanciyar hankali ga abin da za a ajiye na dogon lokaci.

Hoton Baba yanzu yana wuri huɗu: a kwamfuta, a faifan da ke gidan ƙanwata, a gajimare, da kuma a takarda. Ranar da na kai mata na takardar ta daɗe tana kallo, sai ta ɗora yatsa a gefen dama inda rabin kafaɗar wani mutum ta shigo, da hannunsa riƙe da murfin rediyon. Ta ce, "Yaya, wannan wane ne?" Ni na ɗauki hoton, ina tsaye a wurin, amma na kasa tunawa. Muka kira Mama muka kwatanta mata, kafin mu gama ta faɗi sunansa. Ƙanwata ta juya hoton ta ɗauko biro ta rubuta a baya, ni kuma na buɗe kwamfuta na ƙara sunan a jikin foldar.